Yadda Na Shiga Ruwa da Wando Na Fito da Zani

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta farkon damina ba, kuma ko na yi niyyar mantawa 'yan kasuwar Adjamé ba za su bar ni ba. Don haka gara in ba da labarin da bakina, tun kafin ku ji shi daga wajensu da ƙarin gishiri.

Bari in fara daga ƙaryar, don ita ce ta jawo komai. A Yawuri aka haife ni, wannan gaskiya ne. Amma ina ɗan shekara uku aka tafi da ni Kano, a Fagge na girma, kuma ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidanmu, shi ma iyakarsa gwiwa. Da na zo Abidjan na buɗe shagon kayan waya a Adjamé, duk wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce Yawuri. Wata rana wani ya ce, "Ashe ku ne masu ruwa!" Ban ce e ba, ban ce a'a ba, murmushi kawai na yi. Kafin shekara biyu wannan murmushin ya girma ya zama labarin cewa kakana Sarkin Ruwa ne, yana duban sama ya faɗi sa'ar da hadari zai sauka, kuma ni na gaje shi. (Allah Ya jiƙan kakana, tela ne. Ko wanka ba ya yi sai an ɗumama masa ruwa.)

To, a lokacin ina neman auren Mariyama, 'yar Alhaji Ɗanladi, dattijon 'yan kasuwarmu da ke zaune a Belleville cikin Treichville. Manya sun riga sun shiga maganar, an kai gaisuwa, saura sa rana. Mariyama haifaffiyar Abidjan ce, tana aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. In tana Hausa, rabi Faransanci ne, in ta yi fushi kuwa Hausar gaba ɗaya take tserewa. Ita da wasu abokan aikinta suna da ƙungiya, duk Lahadi suna fita tuƙin kayak a lagin, wato makeken ruwan nan da ya ratsa Abidjan ya haɗe da teku. Kayak kuwa wani siririn kwale-kwale ne na roba, mutum ɗaya yake ɗauka, ka zauna a rami ka miƙe ƙafafu, ka riƙe filafili mai baki biyu.

Wata yamma muna hira a tsakar gidansu ta ce, "Yallaɓai, tunda kai jikan Sarkin Ruwa ne, ka zo ranar Lahadi mana. Kowa yana so ya gan ka."

Mai hankali zai ce yana da ciwon baya. Ni cewa na yi, "Wannan ɗan abin wasan yaran? Allah Ya kai mu."

Wallahi murna nake yi. Na ga hotunansu a wayarta, kowa yana dariya, ruwa shuɗi, kuma a ganina ba wani abu ba ne illa ka zauna ka riƙa kaɗa sanda dama da hagu. Ranar Lahadi tun da na idar da sallar asuba na fito na tari gbaka, irin ƙananan bas ɗin nan namu, ina ta kallon kaina a gilashin taga. Mariyama ta ce in sa gajeren wando. Na ƙi. Yaya za a yi in bayyana gaban matar da zan aura da ƙwauri a waje? Na sa sabon wandon shadda mai faɗi, mai zariya, na ɗora riga mai gajeren hannu, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Mai kula da ƙungiyar wani dattijo ne ɗan asalin ƙauyukan bakin lagin, kowa Tonton Mobio yake ce masa. Gajere ne, baƙi wuluk, ba shi da yawan magana. Mu takwas ne ranar. Kafin kowa ya taɓa kwale-kwale ya tara mu gaban wani ɗan allo da ya rubuta sa'o'i da alli. Da Faransanci yake magana, nawa Faransancin kuwa na ciniki ne, amma na gane abin da yake faɗa sarai, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce ya duba hasashen yanayi da safe, ana sa ran hadari daga gabas kafin azahar. Ya ce tun ɗazu teku ta fara janyewa, kuma in tana janyewa ruwan lagin gaba ɗaya yakan nufi kanal ɗin Vridi, mashigar da manyan jirage ke bi, ya fita teku da gudu. Ya nuna mana tutar da ke kan rumfa ya ce mu lura, iskar daga tudu take busowa zuwa cikin ruwa.

"Kun ga nan bakin gaɓa ruwa ya kwanta lumui? Gidaje da itatuwa ne suka tare masa iska. Can ciki ba haka yake ba. Fita za ta yi muku daɗi, dawowar ce aiki. Saboda haka yau awa ɗaya kawai, muna bin gaɓa, ba mai wuce waccan alamar mai ruwan ɗorawa. In na busa usur sau uku, kowa ya juyo."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa sai na ga ai lokacina ne ya zo. Na tako gaba, na lashi ɗan yatsa na ɗaga sama (a wani fim na taɓa gani), na runtse ido ɗaya na dubi gabas, na dubi yamma. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu sai wani ɗan fari-fari can ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Tonton, ka yi haƙuri, amma yau ba ruwa sai bayan la'asar. Ni a jinina abin yake."

Mariyama ta fassara wa sauran da alfahari, har tana ƙara musu bayanin kakana. Tonton Mobio ya dube ni daga hula har takalmi, ya daɗe a kan wandon, sannan ya miƙo mini jile, rigar nan mai hana nutsewa.

Na ce, "Ba na bukata."

Ya ce, "Ba jile, ba kayak."

Na karɓa ina ɗan tsaki a ciki. Da hannunsa ya ja igiyoyin ya ɗaure mini tam, har numfashina ya ɗan tsaya. Ya ce, "In ka kife, kada ka saki kwale-kwalen. Ko me ya faru, kada ka sake shi." Na yi dariya na dubi Mariyama, irin kallon ji wani zance.

Muna da wani guruf a waya na Hausawan kasuwar Adjamé, manya da ƙanana, har da Alhaji Ɗanladi a ciki. Kafin in shiga ruwa na ɗauki hotona da filafili a kafaɗa na tura musu, na rubuta: "Jini ba ya ɓuya." Sannan na zura wayar a 'yar jakar leda da aka ba mu, na rataya a wuya.

Shigata kwale-kwalen ma sai da mutum biyu suka riƙe shi. Na ce musu na saba da na katako ne. Mintuna goman farko ina ta zagaye a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, amma daga baya hannuna ya ɗan faɗa, hancin ya miƙe, na fara tafiya.

Jama'a, daɗi! Ban taɓa jin irinsa ba. Kana zaune daf da ruwa, kana jin sa yana shafar cikin kwale-kwalen, rana tana walƙiya a kansa, balbelu suna tashi a gabanka. Ga manyan jiragen kaya can sun yi layi kamar unguwanni, ga dogayen injinan ɗaga kwantena, ga benayen unguwar Plateau a bayanka kamar a hoto. Shekara shida ina Abidjan ban san haka garin yake da kyau ba, kullum ina cikin hayaƙin gbaka da ihun 'yan kamasho. Na ɗan karkata daga gaɓa don in ga jiragen sosai, sai na ji kwale-kwalen ya ƙara sauri. Na kaɗa sau ɗaya, ya tafi kamar na kaɗa sau biyar. Na wuce wani ɗan ofishinsu Mariyama mai faffaɗan ƙirji, na wuce Mariyama, na wuce Tonton Mobio da kansa!

A nan ne, wallahi, na fara yarda da ƙaryata. Na ce a raina, wa ya sani ko ta wajen uwa akwai masunta? Ai irin wannan baiwa ba ta zuwa haka kawai. Ban san iska ce ke tura ni ta baya, ruwa kuma yana ja na ta ƙasa ba. Ko buhun gawayi aka ɗora a kwale-kwalen nan, da irin gudun da zai yi ke nan.

Alamar mai ruwan ɗorawa ta zo ta wuce ta gefena, har na ɗan sara mata. Sai na ji usur, fir, fir, fir. Na ɗaga filafili sama na kaɗa musu ba tare da na waiwaya ba. Na ji muryar Mariyama can nesa tana kira, Hausar ta gudu, Faransanci zalla take zubawa. Na ce bari in ƙara kaɗan, su gama ganin gwaninta, sannan in juyo cikin ƙasaita.

Da na waiwaya, ƙasaitar ta zube.

Ɗan fari-farin nan na gabas ya zama wani baƙin bango tun daga ƙasa har tsakiyar sama, ƙasansa ya yi duhu kamar gindin tukunya. Plateau ta ɓace. Sauran kwale-kwalen sun zama 'yan ɗigo-ɗigo suna tsere zuwa gaɓa. Na juya hancin da ƙyar na fara tuƙi da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Ina tuƙi, ina kallon alamar nan tana ƙara ƙanƙancewa. Gaba nake tuƙawa, baya nake tafiya. Sai wata iska mai sanyi ta doke ni a fuska, ta ɗauke hulata, ruwan da ke kwance ɗazu ya tashi ya yi fararen kawuna. Kwale-kwalen ya juya ya ba igiyar ruwa gefe. Ta farko ta cika mini cinya. Ta biyu na ce "Innalillahi". Ta uku ban ga zuwanta ba.

Na tsinci kaina a ƙasa, duniya ta koma kore, gishiri da ɗanɗanon man jirgi a hanci da baki. Jilen nan da na raina shi ya finciko ni sama kamar an cafko ni ta wuya. Filafili ya tafi, takalmi ɗaya ya tafi. Na rarumi igiyar da ke hancin kwale-kwalen na ƙanƙame, don maganar Tonton ce kaɗai ta rage a kaina. Ruwan sama ya sauko kamar ana watsa tsakuwa. Ta cikinsa ina hango duwatsun bakin kanal suna matsowa, bayansu kuwa na san teku ce, tekun da ko a wurin shaƙatawa na Bassam daga nesa nake gaishe ta.

Akwai usur a ɗaure a kafaɗar jilen. Ban tuna da shi ba. Wayata na tuna. Na ce in mutuwa ce, to kada in tafi da ƙarya a bakina. Da hannu ɗaya na lalubo ta cikin ledarta, ruwa yana rufe mini ido, na danna abin da nake zaton sunan Mariyama ne, na riƙe wurin saƙon murya. Abin da na faɗa ba sai na yi ƙoƙarin tunawa ba, don an sha kunna mini shi:

"La'ilaha illallah! Mariyama ki yafe mini! Ƙarya nake, kakana tela ne! Ban iya iyo ba, ban taɓa shiga kwale-kwale ba, ko Yawurin ban san hanyarta ba! Wayyo Inna! La'ilaha illallah! Ki ce wa Baba Alhaji ya yafe mini, ni ne na sa masa suna Kwastan saboda yawan tambaya! Wayyo Allah ga ta nan, ga ta nan!"

Ina jin ba sai na gaya muku inda saƙon ya tafi ba. Guruf ɗin da na tura wa hoto da safe shi ne a saman jerin saƙonnina.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina lilo a jikin igiyar nan ba. A wajena shekara ce. Sai na ji ƙarar inji, wani dogon jirgin katako mai rumfa ya ɓullo ta cikin ruwan saman. Pinas ce, irin wadda ke ɗauko mutanen tsibiri zuwa Treichville. Ashe da Tonton Mobio ya ga na yi nisa, sai ya fara kai sauran bakwai ɗin gaɓa, sannan ya buga wa direban pinas ɗin waya, don ya san a wannan sa'ar yana kusa da wurin. Launin kwale-kwalen suka fara hangowa, ja ne. Da na sake shi, da kaina kaɗai ba wanda zai gani a cikin wannan ruwa.

Pinas ɗin cike take da mata masu kifi da aceke, wato dambun rogo. Direba yana fama da inji, don haka su suka yi aikin. Wata ƙatuwar mata ta kama wuyan jilena, wata ta kama hannu, ta uku ta kama abin da ta samu, wato ƙugun wandon shadda. Suka ce ɗaya, biyu, uku! Ni na hau jirgi. Zariya ta tsinke. Wando ya tsaya a hannun ruwa, na ga ƙafafunsa suna ɗaga mini hannu yana nufar teku shi kaɗai.

Na faɗi a tsakanin kwandunan kifi daga ni sai jile, riga, ɗan wandon ciki da takalmi ɗaya. Sai jirgin ya ɗauki shewa gaba ɗaya. Ƙatuwar matar nan tana dariya har da hawaye tana cewa, "Yako, ɗana, yako!" wato sannu. Ta kwance zanin da ta yafa a kafaɗa, mai manyan furanni ja da ɗorawa, ta ɗaura mini da kanta, irin ɗaurin mata, har da soke bakin a gefe. Na ce, "Na gode, Tanti," haƙorana suna kaɗawa. Wata ta tura mini ƙullin aceke a hannu. Kuma na ci, kada ku tambaye ni dalili.

Kafin mu iso Treichville hadarin ya wuce, rana ta fito kamar ba ta san komai ba. Ina ta lissafin yadda zan sulale in tari tasi ba wanda ya gan ni. Pinas ta matso bakin gaɓa, na ɗaga kai.

Alhaji Ɗanladi ne tsaye a gaba da carbi a hannu. Bayansa 'yan kasuwarmu sun fi goma, wasu ko hula ba su tsaya sawa ba. Saƙona ya same su, sun ɗauka na tafi, sai Mariyama ta kira mahaifinta ta ce an tsamo ni, ga inda za a sauke ni. Ita ma tana gefe da Tonton Mobio, idanunta jajur. A gaban wannan taro na sauko, ina riƙe da bakin zani da hannu ɗaya don kada ya kwance, ɗaya hannun da ragowar aceke, ina ɗingishi da takalmi ɗaya, ina warin kifi.

Na durƙusa gaban Alhaji. (Ku gwada durƙusawa da zani in ba ku saba ba.) Na ce, "Baba, ina wuni."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da ka fito. Yanzu Kwastan yana da tambaya ɗaya. Ina wandonka?"

Mutanen da suka zo da shirin kuka suka zube a ƙasa don dariya. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Mariyama ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma kwana tara ba ta ɗaga wayata. A bakin Tonton Mobio na ji dalili, ranar da na je ba shi haƙuri. Ya ce lokacin da na ƙi juyowa, ita ma ta juya hancin nata kwale-kwalen za ta bi ni, sai da ya sha gabanta ya riƙe igiyarta da ƙarfi. "Da ta bi ka, mutum biyu zan nema a cikin hadarin nan, pinas kuma ɗaya ce." Bai ɗaga murya ba. Wannan maganar ta fi zanin ciwo, don har ranar ina ɗaukar abin a matsayin kunyata ni kaɗai.

Na je Belleville na zauna a gaban Alhaji na faɗi komai tun daga murmushin farko. Ya ce ai tuntuni ya sani, don ya aika an yi bincike a Fagge tun kafin ya karɓi gaisuwa, yana jira ne ya ga ranar da zan gaji da kaina. Ya ce in Mariyama ta haƙura, shi ba shi da ta cewa. Ta haƙura, amma da sharaɗin in koma wajen Tonton in fara daga farko, a ruwa iyakar ƙugu, da gajeren wando. Wata uku na yi ina koyon iyo da yadda ake hawa kwale-kwale in ya kife, da karanta jadawalin cikar teku da janyewarta, da duban inda tuta ta karkata kafin a duba kyan sama. Akwai Lahadin da muka zo, rana tana haske, ya dubi allonsa ya ce yau ba fita. Ni na fara mayar da filafilina rumfa.

An ɗaura auren, har da Tanti mai kifi a cikin 'yan biki. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa, amma ya zauna. Yanzu in wani ya tsaya a shagona ya ce, "Malam, kana ganin za a yi ruwa yau?" sai in ce masa ban sani ba, ya tambayi masu abin. Ko da kuwa a lokacin ruwan yana zuba a kanmu mu biyun.